Ko sauya ƙwayoyin halitta zai ceci ciyawar tekun Zanzibar?

A daidai lokacin da ɗumamar ruwan teku ke halaka ciyawar da dubban mata ke nomawa a gaɓar Zanzibar, masana kimiyya a Turai da Asiya sun fara samun nasarar sauya ƙwayoyin halittar wasu nau'o'in ciyawar teku. Abin tambaya a nan shi ne, ko wannan ci gaba zai kai ga waɗanda suka fi buƙatarsa.

Noman ciyawar teku dai ba ƙaramar sana'a ba ce. Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, sun nuna cewa a shekarar 2019 an samar da kimanin tan miliyan 35 a duniya, inda ƙasar Sin ta noma fiye da rabi, Indunusiya kuma ke biye da ita. Ana cin wasu nau'o'in, wasu kuma ana tace sinadarin karajinan daga jikinsu, wanda ke sanya kauri a askirim da man goge baki.

A Zanzibar an fara wannan noma gadan-gadan ne a shekarar 1989, da irin da aka kawo daga Filifin. An ƙiyasta cewa mutane kusan 25,000 ne ke noman ciyawar, wadda ake kira mwani da Swahili, kuma kimanin kashi 80 cikin ɗari mata ne.

Iri ɗaya tilo

Tushen matsalar shi ne yadda ake samun iri. Manomiya kan yanki reshen ciyawar ta ɗaure shi a igiya ya sake tsiro, kamar yadda ake dasa rogo. Ma'ana, abin da ke gonakin yau kusan jiki ɗaya ne da wanda aka kawo shekaru fiye da 30 da suka wuce, don haka cutar da ta kama wani ba za ta bar saura ba.

Nau'in da ya fi daraja a kasuwa, wato kotoni, shi ne ya fi jin jiki. Idan ruwan gaɓa ya yi zafi sai cutar da ake kira ice-ice ta mayar da rassansa farare, su ruɓe, su karye. Wannan ya tilasta wa akasarin manoman komawa ga nau'in sipinosam mai juriya, amma mai ƙarancin kuɗi.

Inda kimiyya ta kwana

Inganta irin ciyawar teku ba yau aka fara ba. A shekarar 1949, masaniyar Ingila Kathleen Drew-Baker ta gano wani ɓoyayyen mataki a rayuwar ciyawar nori, lamarin da ya farfaɗo da nomanta a Japan. A shekarun 1960 kuma masanan Sin suka fitar da ingantaccen irin ciyawar kombu ta hanyar zaɓe.

Daga shekarun 1990 ne masu bincike a birnin Qingdao na Sin suka fara harba baƙin ƙwayoyin halitta cikin kombu, ta hanyar manna su a ƙananan ɓurɓushin zinariya. A 2015 aka kammala karanta tsarin ƙwayoyin halittar wannan ciyawa.

Sai kuma aka samu fasahar CRISPR, wadda aka bayyana a 2012, kuma ke aiki tamkar almakashi wajen yanke daidai gurbin da ake son sauyawa. An yi nasarar gwada ta a kan wata ƙaramar ciyawa mai suna Ectocarpus a 2021, sannan a kan kombu a Japan a 2023.

To sai dai waɗannan gwaje-gwaje sun nuna cewa almakashin na yanka ne kawai, ba su samar da iri mai jure zafi ba. Juriyar zafi aiki ne na ƙwayoyin halitta masu yawa, ba guda ɗaya ba. Bugu da ƙari, kombu ciyawar ruwan sanyi ce da ba ta da dangantaka ta kusa da kotoni.

Teku ba ta da shinge

Ko da an samu irin, akwai batun sakinsa. Gonar tudu tana da iyaka, amma igiyar ruwa na iya kwasar guntun reshe ta kai shi nesa ya ci gaba da rayuwa. Dangin kotoni da aka kai tsibirin Hawaii a shekarun 1970 sun mamaye murjanin mashigin Kaneohe, an kuma ga irin haka a mashigin Mannar na Indiya.

Yarjejeniyar Cartagena, wadda ta fara aiki a 2003, ta tanadi tantance haɗari kafin a ƙetara iyaka da halittun da aka sauya wa ƙwayoyi. Haka kuma akwai fargabar cewa masu saye a Turai za su ƙi karajinan da aka tace daga irin wannan ciyawa, abin da zai bar manoman da kaya babu kasuwa.

Mafita ta kusa

Saboda haka ne hankalin masana da dama ya karkata ga tattara nau'o'in da ke tsiro da kansu a gaɓar gabashin Afirka, da adana su, da zaɓo masu juriya. A nan ilimin ƙwayoyin halitta na iya gaggauta zaɓen ba tare da an sauya komai ba.

Ita kuwa masaniyar Tanzaniya, Dokta Flower Msuya, ta daɗe tana ƙarfafa noma a ruwa mai zurfi, inda ya fi sanyi. Amma hakan na buƙatar kwalekwale da iya ninƙaya, waɗanda mata da yawa ba su da su.

Alamu dai na nuna cewa kafin almakashin CRISPR ya iso Zanzibar, makomar kotoni za ta dogara ne kan ko manoman za su samu sabon iri da kuma hanyar isa ruwa mai zurfi.