Ruwan rini da sunan hatsin Dawanau

A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya kasuwanninta saboda ragowar maganin ƙwari. 'Yan kasuwar Dawanau, inda ake loda riɗi da zoɓo zuwa ƙetare, sun san ma'anar wannan: guba kaɗan a cikin buhu tana iya rufe kasuwar ƙasa guda. Shi ya sa maganar gurɓataccen ruwan masana'antun Kano ta shafe su, duk da cewa Dawanau na kan hanyar Katsina, nesa da magudanan.

Majemun Challawa da Sharaɗa da Bompai sun daɗe suna zubar da ruwa mai ɗauke da sinadarin kuromiyam da rinin zamani. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya shiga Jakara, har dam ɗin Wasai, kuma manoman rani suna ban ruwa da shi a hanya. Wannan ba shunin baba ba ne irin na karofin Ƙofar Mata. Wasu rinukan rukunin azo, idan suka ruɓe, suna sakin sinadarai masu haddasa sankara, abin da ya sa Turai ta taƙaita amfani da su a tufafi tun 2002.

Masana na gwajin wani abu da ake kira haidurojel, danginsu ɗaya da garin da ke tsotse fitsari a cikin famfas ɗin jarirai. Ana cusa masa ƙwayoyin ƙarfe waɗanda ido ba ya gani. Jel ɗin ya kama rinin, ƙwayoyin titaniyam ko zinki su wargaza shi da hasken rana. Idan na baƙin ƙarfe ne, sai a janye su da maganaɗisu a sake amfani da su. Ana iya haɗa shi da sitacin rogo ko masara, kayan da Dawanau ba ta rasa ba.

Sai dai galibin gwaje-gwajen a kwalba ake yin su, da rini guda cikin ruwa mai tsabta. Ruwan majema kuwa cakuɗe yake da gishiri da kitse da toka, kuma jel ɗin da ya sha guba sai an samar masa wurin binnewa. A ganina, dabarar za ta fi dacewa da ƙananan marina da ke unguwanni. Manyan masana'antu kuwa, dokar da hukumar NESREA ke aiki da ita tun 2009 ta riga ta wajabta musu tace ruwansu kafin su sake shi.