Raddi Ga Masu Cewa Hawan Kare Nuna Sarauta Ne

Akwai wata magana da ta zauna a bakin masu kiwon karnukan gadi, har da wasu masu horar da su. Idan aka kawo kwikwiyo gida, tsohon kare ya riƙa hawansa, sai su ce a ƙyale su, babba ne yake nuna wa ƙarami matsayinsa. In kwikwiyon ne ke hawan babban, su ce raini ne, a danne shi ƙasa har ya sallama. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a yi masa fiɗiya. Duk ukun ina ja da su.

Tushen hujjarsu shi ne wai kare jinin kyarkeci ne, kyarketai kuwa kullum cikin kokawar shugabanci suke. Daga ina wannan ta fito? Daga binciken Rudolf Schenkel na 1947, wanda ya yi a gidan namun daji na Basel a Suwizalan, kan kyarketan da aka tattaro daga wurare daban-daban aka kulle wuri ɗaya. Baƙin juna ne a tsare, dole su yi faɗa. David Mech, masanin kyarketai ɗan Amurka, ya yaɗa ra'ayin a littafinsa na 1970. Daga baya ya shafe shekaru yana lura da kyarketan daji a tsibirin Ellesmere na Kanada, kuma a 1999 ya wallafa cewa garken kyarkeci iyali ne: uba da uwa da 'ya'yansu. Har roƙon mawallafa ya yi su daina buga tsohon littafin. A 2009 kuma John Bradshaw da abokan aikinsa na Jami'ar Bristol suka nuna cewa mu'amalar karnuka ta fi dogara ga abin da kowane ya koya game da ɗan'uwansa, ba ga wani tsanin sarauta ba. To wanda ya yaɗa hujjar ya janye ta, don me za mu ci gaba da riƙe ta?

Ban musanta cewa wani lokaci kare yakan hau ɗan'uwansa don ya takura masa ba. Amma in sarauta ce kaɗai, yaya za a yi da 'yan kwikwiyo 'yan makonni da ke hawan juna a wasa, alhali balaga sai kusan wata 6 zuwa sama? Yaya za a yi da karya mai hawa, ko karen da ke hawan matashin kai? Abin da aka fi gani shi ne zumuɗi da damuwa. Tsohon kare ya saba da gidansa, rana ɗaya aka shigo masa da baƙo mai tsalle-tsalle, jikinsa ya ɗauki zafi, bai san inda zai kai shi ba.

Batun "a ƙyale su" shi ya fi damuna, domin nan cutarwar take. Ƙasusuwan kwikwiyo ba su gama ƙwari ba, nauyin babban kare na iya ji masa ciwo. Sannan tsakanin mako 3 zuwa kusan 12 ne kwikwiyo ke koyon yadda zai ɗauki sauran karnuka. Wanda aka riƙa turmushewa a wannan lokaci yana iya tashi da tsoro, kuma kare mai tsoro shi ne mai saurin cizo. Haka tsohon da gaɓoɓinsa ke ciwo, in kwikwiyo ya addabe shi, ƙarshenta haƙori zai sa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Duka da dannewa kuwa ƙara wa dabbar firgici suke yi, firgicin da shi ne ya jawo hawan tun farko. Ga kuma haƙƙin dabba da ke wuyan mai ita.

Abin yi ba shi da wuya. Ka lura da alamar da ke gabatar hawan, kamar ɗora haɓa ko ƙafa a bayan ɗayan. Da ka gan ta, kira mai shirin hawan cikin natsuwa, sa shi ya zauna, ka ba shi ɗan abin marmari. In bai ji ba, janye shi da igiya na 'yan mintoci har ya huce. A raba musu kwanon abinci da wurin kwana, kada a bar su tare ba mai kula, kuma babban ya ci gaba da samun yawonsa shi kaɗai da kai.

Saura fiɗiya. Tana rage hawan da sha'awa ke jawowa, amma binciken Benjamin Hart da abokan aikinsa a Kalifoniya ya nuna ba kowane kare ke dainawa ba, domin abin da ya zama ɗabi'a wuƙa ba ta cire shi. Kafin a kai ga wannan shawara, in tsohon kare ya fara hawa kwatsam, yana yawan lasar gabansa ko yawan fitsari, a kai shi wurin likitan dabbobi, domin ciwon mafitsara da ƙaiƙayin fata suna jawo hakan.