Gusau ta fi ƙarfin iyakokin da aka shata mata

Mai fitowa daga Gusau ta hanyar Zariya ba zai gane inda garin ya ƙare ba. Gidaje da shaguna sun miƙe har cikin ƙaramar hukumar Bungudu, amma mulkin yankin na tafiya ne bisa tsohon zane.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sun karkasa Lardin Sakkwato zuwa gundumomi. Gusau da Tsafe da Bungudu da Kwatarkwashi kowacce ta samu hakiminta a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. An yi rabon ne don sauƙaƙa karɓar haraji da jangali, ba don tsara birni ba.

Jirgin ƙasa ne ya sauya lissafi. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Kamfanonin sayen gyaɗa da auduga suka kafa kantuna, baƙi daga kudu suka cika Sabon Gari, garin Malam Sambo Ɗan Ashafa ya zarce maƙwabtansa.

Garambawul na 1976 ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi, amma mafi yawan iyakokinsu sun bi sawun tsofaffin gundumomi. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba 1996, Gusau ta zama hedikwata, ma'aikata suka kwararo, filaye suka yi tsada, jama'a suka nausa bayan gari. Matsalar tsaro ta ƙara turo mutanen ƙauyukan Tsafe da Bungudu zuwa gefen birnin.

Illar ta fito fili a Satumban 2023, lokacin da 'yan bindiga suka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga masaukansu a Sabon Gida. Sunan jami'ar na Gusau ne, unguwar kuma ta Bungudu ce. A irin waɗannan unguwanni, wa ke da alhakin magudanar ruwa da kwashe shara da asibitin sha-ka-tafi?

Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙara wa tambayar nauyi. Kuɗi zai bi iyaka, buƙata kuwa tana bin jama'a. Muddin Gusau da Bungudu da Tsafe ba su zauna kan tsari ɗaya na filaye da ruwa da tsaro ba, mazauna bakin iyaka ne za su ci gaba da ji a jikinsu.