Tangaran na Gwanjo da Kwanonin Jere

Wannan yayi da ya shigo wasu gidajen unguwar Hotoro a Kano, inda uwargida za ta tashi takanas ta je wurin dillalan gwanjo tana tonon tsofaffin farantan tangaran na Ingila, ta kifa kowanne ta duba hatimin Wedgwood, kamfanin da aka kafa tun 1759, sa'an nan ta ƙwanƙwasa bakinsa da farce don ta ji ko akwai ɓoyayyiyar tsaga, ba bidi'a ba ce kamar yadda masu gaggawar hukunci suke zato. Alal haƙiƙa, tun kafin a haife su iyayenmu mata suke jere, suna tara ƙorai da tasoshin tagulla na Bida, daga bisani kuma langa da kumbo da samira masu furanni, waɗanda aka riƙa shigowa da su daga Hon Kon kafin a soma ƙera su a Ikeja da Kano. Kuma jeren nan ado ne, taska ce, wadda mace kan sayar idan larura ta taso ba tare da neman izinin kowa ba. Malamai sun haramta cin abinci a kwanon zinariya da azurfa, ba su haramta tangaran ba, balle a kira shi israfi. Abin da nake ƙi kawai shi ne, yayin da ake cinikin farantin da wata baturiya ta gaji da shi, samirar kaka tana bayan gida ana ba kaji ruwa a ciki.