Wasan kwamfuta: Akwatin wuta ya kamata a fara dubawa kafin a sayi sabon katin hoto

Duk matashin da ya riƙe wasan kwamfuta da gaske, babban burinsa shi ne ya sauya katin hoto, wato na'urar da ke zana duk abin da ke fitowa a fuskar kwamfuta. Sai a yi wata da watanni ana tara kuɗi, ana gwada katunan Nvidia da na AMD, ana bin farashi daga Computer Village ta Legas zuwa Banex ta Abuja. Abin da ba a cika sa shi a lissafi ba shi ne akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa-fak. Shi ne ke karɓar wutar bango ya mayar da ita irin wadda kayan cikin kwamfuta ke iya sha. Ranar da ya gaza kuwa, ba kullum yake tafiya shi kaɗai ba. Yakan ja katin da aka sha wuyar saye, wani lokaci har da madabod, babban allon da komai ke hawa kansa.

Don haka tsarin da aka saba bi, na zuba duk kuɗi a kan kati sannan a nemi akwatin wuta da canjin da ya rage, ya kamata a juya shi. Wanda kuɗinsa bai kai ga kati mai ƙarfi da akwatin da zai ɗauke shi ba, gara ya sauko mataki ɗaya a kati.

Nawa katin ke ci?

Ramin da ake soka kati a madabod wat 75 kawai yake iya bayarwa. Shi ya sa ƙananan katuna irin su GTX 1650 galibi ba sa neman ƙarin waya. Daga nan abin ke hawa: RTX 4060 na cin wat 115, RTX 3060 wat 170, RTX 4070 wat 200, RTX 3080 wat 320, RTX 4090 wat 450, shi kuwa RTX 5090 har wat 575. Kamfanin Nvidia da kansa ya ba da shawarar akwati mai wat 550 ga 3060, mai 650 ga 4070, mai 850 ga 4090, sai mai 1,000 ga 5090.

Kati ba shi kaɗai ke cin wuta ba. Furosesa irin Core i5-12400F na iya kai wa wat 117 idan aiki ya yi zafi, Core i9-14900K kuwa har 253. Idan aka haɗa 4070 da wannan i5 ɗin, aka ƙara kimanin wat 60 na madabod da fankoki da ma'ajiyar bayanai, za a samu wat 380 ko kusa da haka. Akwati mai 650 ya bar sarari mai kyau ke nan.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne tsoffin kwamfutocin ofis na HP da Dell da ake shigowa da su na hannu. Ƙananan cikinsu akwatin wutarsu bai cika wuce wat 250 ba, da yawa ba su da wayar ciyar da kati, kuma mahaɗinsu na kamfani ne, ba ya karɓar akwatin kasuwa sai da dabara. A irin waɗannan ne ake cusa RX 580, katin da ya cika kasuwannin kayan hannu bayan da Ethereum ta daina amfani da haƙo a watan Satumbar 2022. Wannan kati wat 185 yake ci, kuma AMD ta ce a ba shi akwati mai 500. Araharsa ce ke ruɗar mutane, sai an je gida a tarar kwamfuta na mutuwa da zarar wasa ya kankama.

Lambar jikin kwali ba ta wadatar ba

Babbar lambar da ake bugawa a kwali jimilla ce. Kati da furosesa daga layin bolt 12 suke sha, kuma abin da wannan layi ke iya bayarwa yana rubuce a takardar da ke manne a gefen akwatin. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka amfiya sau 12. Akwatin da aka rubuta wa 500 amma layinsa na bolt 12 amfiya 28 ne, wat 336 kaɗai yake da shi na ainihin aiki. A akwati nagari, wannan lamba kusan daidai take da ta kwalin.

Haka nan tambarin 80 Plus, mai matakai irin su Bronze da Gold da Platinum, ba shaidar ƙarko ba ne. Abin da yake aunawa shi ne yawan wutar da ba ta salwanta ta zama zafi. A rabin lodi, Bronze na kaiwa kimanin kashi 85 cikin 100, Gold kuma kimanin kashi 90. Bai ce komai game da ingancin kafasitocin ciki ba, ko kariyar da ke kashe akwatin idan wuta ta yi yawa, ko ta yi ƙasa, ko wayoyi suka haɗu, ko zafi ya wuce kima. Waɗannan kariyoyi su ne ke bambanta kwamfutar da ta mutu aka sake kunnawa da wadda ta yi ƙauri.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta katunan zamani: sukan fizgi wuta fiye da adadin da aka rubuta musu, na ɗan ƙanƙanin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Masu katunan RTX 3080 da 3090 da dama sun ga kwamfutocinsu na ɗaukewa saboda haka, alhali lissafinsu a takarda ya cika. Wannan ne ya sa ƙa'idar ATX 3.0 da Intel ta fitar a 2022 ta tanadi cewa manyan akwatuna masu sabon mahaɗi su iya jure ninki biyu na ƙarfinsu na ɗan wannan lokaci. Mai sayen babban kati a yau, akwati mai ATX 3.0 ko 3.1 ya kamata ya nema.

Wayoyin ma abin lura ne

Mahaɗi mai fil 6 wat 75 aka tsara masa, mai fil 8 wat 150, sabon mai fil 16 kuwa har 600. Idan akwati ba shi da mahaɗin da kati ke buƙata, sau da yawa alama ce cewa ba a gina shi don wannan nauyin ba. Amma maimakon a ji wannan gargaɗi, sai a sayo 'yar wayar jona da ke ɗaukar wuta daga mahaɗin SATA, wanda ƙarfinsa a layin bolt 12 bai wuce wat 54 ba, a ɗora masa aikin 150. Ƙarshenta roba ce ke narkewa.

Ko manyan kaya ba su tsira ba. A watan Oktoban 2022 aka fara samun rahotannin narkewar mahaɗin RTX 4090, kuma a watan Nuwamba Nvidia ta ce ta san da kusan guda 50, ta kuma danganta matsalar da rashin soka mahaɗin har ƙarshe. Daga baya aka yi wa mahaɗin kwaskwarima, aka sa masa suna 12V-2x6. Darasin shi ne a tura shi har ya kama, kada a lanƙwasa wayar daf da bakinsa. Sannan akwatunan da ake cire wayoyinsu, ba a haɗa wayar wani da wani, domin tsarin fil ɗinsu ya bambanta ko da bakin ya shiga.

Ga kuma halin wutar Najeriya

Shawarwarin kamfanoni an gina su ne bisa wuta tsayayya da ɗaki mai sanyi. A Najeriya kuwa, wutar da ya kamata ta zo a bolt 230 takan sauka ƙasa sosai, a ɗauke, a dawo da ita da ƙarfi, a koma janareta. Akwatin da aka rubuta wa 100 zuwa 240 ya fi jure faɗuwar wuta a kan wanda ya tsaya a 200 zuwa 240. Haka kuma akwatuna nagari ana auna ƙarfinsu a zafin digiri 40 ko 50, masu araha kuwa a ƙasa da haka. Ga wanda ke Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Sai batun UPS da inbata. Ƙaramin UPS mai 650VA da ya cika shaguna bai kai wat 400 ba, don haka ba zai riƙe kwamfuta mai babban kati tana tsakiyar wasa ba. Wasu akwatunan zamani ma ba sa jituwa da inbata mai ba da wuta mai kusurwa, sai mai ba da tsaftatacciya irin ta layin gwamnati.

Masu ganin wannan duk ƙarin ɗawainiya ce suna da hujja, domin kayan da dala ake sayo su, kuma dubban mutane na amfani da akwatuna marasa suna ba tare da komai ya same su ba. Gaskiya ne kuma babu dalilin sayen mai wat 1,000 don katin da ke cin 115. Wannan almubazzaranci ne, ba taka-tsantsan ba. Sai dai akwati shi ne ɓangaren da ya fi kowanne daɗewa. Kamfanoni irin su Corsair da Seasonic na ba wa wasu nasu garantin shekara 10, abin da ke nuna zai iya ganin katuna biyu ko uku. Akwati na hannu kuwa, babu mai iya ganin yadda kafasitocinsa suka gaji ta waje.

Wani lokaci ma maganin yana wajen zaɓen katin. RTX 4060 ya fi RX 580 sauri nesa ba kusa ba, kuma ya gaza shi cin wuta da wat 70. Ga mai wasan awa biyar kullum, ragin yunit 10 da rabi ne a wata. A farashin Naira 225 da aka sanar wa 'yan Band A a Afrilun 2024, kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma ga mai dogaro da batirin sola ko man janareta, suna da tasiri.

Kafin a biya kuɗin kati, a buɗe gefen kwamfuta a karanta takardar akwatin wuta, a duba layin bolt 12, a ƙirga mahaɗan da ke akwai, a tuna shekarun da ya yi yana aiki. Idan bai cika sharaɗi ba, shi ne farkon abin saye. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida, kuma katin da aka jinkirta sayensa wata biyu ya fi wanda aka saya yau ya ƙone jibi.