Gigin Tsufa Da Dukiyar Iyayenmu

Wanda duk ya saba da kasuwannin ƙasar Bagudo, daga Ka'oje har Lolo da Tsamiya, ya san irin dattijon nan da ya shekara arba'in yana lissafin naira da sefa da ka. Kwatsam sai a ga ya biya bashi sau biyu, ko ya musanta ajiyar da ya karɓa jiya. Wasu su ce rowa ce, wasu su ce jifa. In tsohuwa ce kuwa, har maita akan laƙa mata, wa'iyazu billahi.

Alhali gigin tsufa ciwon ƙwaƙwalwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu shi sun kai miliyan 57 a 2021. A Zariya, binciken da aka buga a 2011 ya duba tsofaffi 322, ya same shi ga kusan 3 cikin 100.

Abin da ya sa muka kawo zancen a wannan fili shi ne, hukunci yana rataye da hankali. Wanda hankalinsa ya gushe, salla da azumi sun faɗi a kansa, ba a kuma ciyarwa dominsa. In yana farfaɗowa, ya yi salla a lokacin da ya san kansa. Amma a mazhabarmu ta Malikiyya zakka ba ta faɗuwa daga dukiyarsa, waliyyinsa ne zai fitar. Cinikinsa da kyautarsa ba su inganta. Saboda haka ɗan da ya lallaɓa irin wannan uba ya dangwala hannu a takardar gona, haram ya ci, ko da shaidu goma.

To, wa zai tabbatar hankalin ya gushe? Ba magadan da ke da buƙata ba. A kai shi ga likita, in ta kama har asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato, domin wani ruɗewar daga wata cuta ce mai magani. Da takardar likita sai alƙali ya naɗa mai kula da dukiyar, a rubuta basussuka tun yana tuna wasu.

Mu na bakin iyaka muna da ƙarin damuwa. Mai wannan ciwo yakan fita neman gidan da ya tashi, wani ma Hausar ta kuɓuce masa ya koma Busanci ko Fillancin ƙuruciya. Daga Tsamiya kuwa hanya ta miƙe zuwa Segbana ta ƙasar Benin. A ɗinka masa takarda cikin aljihu, mai sunan garinsu da lambar wayar ɗansa.