Shayin rage ƙiba: zawo kuke saye da kuɗinku

Jama'a, yau dai sai na faɗa, wacce za ta ji haushi ta ji. Wannan yayin rage ƙiba na dare ɗaya da ya shigo hostel ɗin mata a nan Ibadan ya wuce gona da iri. Duk sitatus ɗin WhatsApp da na buɗe talla ne: shayin rage tumbi, kofin ƙone kitse, "kilo 10 a sati biyu, ko a mayar miki da kuɗinki". Kuma 'yan uwanmu ɗalibai ne ke sayarwa, ƙannenmu 'yan aji ɗaya da aji biyu ne ke saye da kuɗin abincinsu.

Mu yi lissafi tukuna, tunda dai karatu ya kawo mu. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Kilo 10 kenan 77,000. Raba shi kwana 14, kowace rana sai kin ƙone 5,500 fiye da abin da kika ci. Mace baliga kuwa abin da jikinta ke ƙonewa a yini bai wuce wajen 2,000 ba. Wato ko loma ɗaya ba ki kai baki ba na tsawon sati biyun, ba ki kai rabi ba. To me ke sauka a sikelin? Ruwa ne da kashi, sai kuma tsoka.

Da yawa daga cikin waɗannan shayin akwai ganyen sanna a ciki, dangin filaskon da kakanninmu ke jiƙa wa mai taurin ciki. Aikinsa a babban hanji yake, alhali abincin da kika ci an riga an tsotse amfaninsa tun a ƙaramin hanji. Kitsenki na nan daram, ke dai kin kwana kina zarya tsakanin gado da banɗaki. Abin da kike zubarwa ruwa ne da sinadarin fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Shi ya sa ake jin jiri da kasala a lakca. Idan aka daɗe ana sha, hanji na iya sabawa har bayan gida ya gagara sai da shi. Akwai ma wanda ya fi wannan muni: an sha gano maganin sibutramine a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da aka rubuta wa "ganye zalla", maganin da Turai da Amurka suka janye daga kasuwa tun 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ke da aka ba ki a leda ba lambar NAFDAC, ba jerin abin da ke ciki, ta ina kika san me kike sha?

Sai masu cewa su ba sa shan komai, keto suke yi, ko ruwa da lemun tsami na kwana bakwai. Wata ta ce min, "Anti, ni fa na gani a jikina, kilo uku a satin farko." Na yarda kin gani. Jiki yana ajiye sitaci a hanta da tsoka, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Kika daina cin shinkafa da tuwo, ajiyar ta ƙare, ruwan ya bi ta. Ranar da kika koma cin amala, shi ma ya dawo. Sannan don Allah, keto da aljihun ɗaliba? Ƙwai da kaza da kifi safe da dare? Kafin goma ga wata kuɗin sun ƙare, a koma Indomie biyu da ƙarfe ɗayan dare. Ramewa da sauri irin wannan tana jawo tsakuwar matsarmama, gashi ya zube, al'ada ta rikice.

Abin dariya ma, a gida Arewa ana ɗura wa amare "sha ka fashe" don su cika, a nan kuma ana ɗura shayi don a rame. Ɗan kasuwa dai ba ya asara ta ko'ina.

Hanyar da ke aiki ba ta da daɗin talla, shi ya sa ba mai sa ta a sitatus. Wajen rabin kilo a sati, ta hanyar rage kalori kamar 500 a yini. Fara da lemon kwalba: guda ɗaya ta 50cl tana da sukari wajen giram 50, wanda shi ne gaba ɗaya iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa baligi a yini. Ki bar tuwonki da amalarki, ki rage malmalar, ki ƙara miyar. Ewedu, alayyahu, ugu, kuɓewa, duk ga su a Bodija, kuma hukumar dai ta ce a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kullum. Wake ya fi kowane garin ƙarin jiki da ake tallatawa araha, kuma yana riƙe ciki: alala, wake da doya, ko shinkafa da wake da salak, a sassauta manja. Gyaɗa ƙanƙani ko lemun zaƙi ya maye biskit lokacin karatun dare. Motsa jiki minti 150 a sati, wato minti 30 sau biyar, wanda tafiya da ƙafa daga hostel zuwa sashe maimakon hawa keke napep ta kusa biya. A haka, zangon karatu ɗaya zai iya sauke kilo 6 zuwa 8 ba tare da kin faɗi a zauren jarrabawa ba.

Mai ciwon suga, mai hawan jini, mai juna biyu ko mai shayarwa, da wacce al'adarta ta ɗauke bayan ta fara irin waɗannan abubuwa, ta je asibitin makaranta, kada ta tambayi mai sayarwa.

Ku kuma masu sayarwa, na san halin da ake ciki, kowa na neman na kuɗin makaranta. Amma kafin ku biyo ni ta bayan fage da zagi, ku ɗora hoton lambar NAFDAC da jerin abubuwan da ke cikin shayin a nan ƙasa, mu karanta tare.